Yaron da kububuwa ta sara kuma jininsa ya ƙi daskarewa: me ya sa ba a rage masa magani?

Jami'ar Lafiyar Karkara ta rubuta:

Assalamu alaikum, likitoci da sauran abokan aiki. Ina aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya a kudancin jihar Gombe, inda saran maciji ke yawaita daga faɗuwar damina har zuwa ƙarshen girbi. Kwanan baya aka kawo mana yaro ɗan shekara bakwai wanda maciji ya sara a bayan ƙafa lokacin da yake kiwon awaki. Mahaifinsa ya kashe macijin ya zo da shi a buhu, muka ga kububuwa ce. Yaron yana magana, yana shan ruwa, kumburin ma bai wuce idon sawu ba, har mahaifin ya so a ba su maganin ciwo su koma gida. Na ɗebi jininsa na zuba a kwalba, bayan minti 20 na karkata ta, sai na ga jinin yana gudu kamar yadda aka zuba shi. Nan take muka tura su babban asibiti.

Da na bi sawu daga baya, sai aka shaida mini cewa an ba yaron maganin dafi daidai adadin da ake ba magidanci, alhali nauyinsa bai kai kilo 20 ba. Wannan ya ɗaure mini kai, domin duk abin da aka koya mana game da magungunan yara shi ne a auna da nauyin jiki. Ina roƙon a fayyace mini dalilin hakan. Sannan kawun yaron ya yi mini wata tambaya da nake son jin amsarta daga masana: tunda matsalar a cikin jini take, me zai hana a yi masa ƙarin jini kawai, ko a yi masa allurar bitamin K irin wadda muke yi wa jarirai, a huta da neman maganin da yake da tsada kuma yake wuyar samu? A ƙarshe, mene ne ya kamata mu yi, kuma mene ne ya kamata mu guje wa, tsakanin isowar yaro wurinmu da isarsa asibitin da ke da maganin?

Likitan Yara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka yi wa yaron a asibiti shi ne daidai, kuma gwajin da kika yi kafin ki tura shi ya fi duk wani abu muhimmanci a wannan labari.

Maganin dafi ya bambanta da sauran magunguna ta fuska guda: dafin ake aunawa da shi, ba jikin wanda aka sara ba. Maciji ba ya duba girman mutum kafin ya zuba dafinsa, saboda haka abin da ya shiga jikin ɗan shekara bakwai yana iya zama daidai da abin da zai shiga jikin mahaifinsa. Maganin kuwa ƙwayoyin garkuwa ne da aka tace daga jinin doki ko tunkiya, aikinsu shi ne su kama dafin su ɗaure shi, kuma kowace kwalba tana da iyakar dafin da za ta iya ɗaurewa. Idan aka raba kwalba gida biyu saboda yaro ƙarami ne, to an bar rabin dafin yana yawo a jikin da jininsa gaba ɗaya bai wuce lita ɗaya da rabi ba, tunda yaro yana da kimanin mililita 75 zuwa 80 na jini a kowane kilo na nauyinsa. Hasali ma yaro ya fi babba shiga haɗari, domin dafi ɗaya ne ya gauraya da jini kaɗan. Abin da muke ragewa saboda ƙanƙantar jiki shi ne ruwan da ake surka maganin da shi, kimanin mililita 5 zuwa 10 a kowane kilo, a sa ta jijiya cikin kusan awa guda, don kada ruwa ya yi wa zuciya da huhu yawa.

Tambayar kawun yaron tana da ma'ana, kuma amsarta tana cikin yadda dafin kububuwa yake aiki. Mutane suna cewa dafin yana tsinka jini, amma abin da yake fara yi shi ne tayar da daskarewa ba bisa ƙa'ida ba. A cikinsa akwai sinadaran da ke kunna furotirombin, wanda shi ne mabuɗin daskarewar jini, sai jiki ya shiga ƙera ƙananan zaren gudan jini ko'ina yana kuma narkar da su, har sinadarin fibirinojin, wanda da shi ake ƙera wannan zaren, da wasu abokan aikinsa su ƙare ƙarƙaf. Lokacin da kika karkata kwalbarki, abin da kika gani ke nan: jinin da kayan daskarewarsa suka ƙare. Baya ga wannan, dafin yana ɗauke da wasu sinadarai masu cin bangon ƙananan hanyoyin jini. Haɗuwar waɗannan biyu, hanyoyin jini masu yoyo da jinin da ba ya iya toshe su, ita ce ke jawo zubar jini daga dasashi, da haɓo, da jini a fitsari ko bayan gida, da tsohon gyambo da ke sake ɓallewa, sannan mafi muni zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ko a cikin ciki, wanda yakan zo kwanaki bayan saran, a lokacin da iyaye suka sakankance cewa yaro ya tsira. A yankin Binuwai an daɗe da ƙiyasta cewa mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda dafin kububuwa ya shiga jikinsu suna mutuwa idan ba su sami magani ba, tun daga binciken da Farfesa David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Zariya da Bambur ta jihar Taraba ta yanzu a shekarun 1970.

To idan aka yi ƙarin jini ko ruwan jini alhali dafin yana nan da ƙarfinsa, kamar zuba ruwa ne a kwando, domin sabon fibirinojin da aka kawo shi ma dafin zai cinye shi cikin ɗan lokaci. Bitamin K kuwa tana taimakon hanta ne wajen haɗa wasu sinadaran daskarewa idan rashinta ne matsalar, kamar a jarirai sabbin haihuwa. A saran maciji hanta lafiyarta ƙalau, tana ta ƙerawa, dafin ne ke lalata abin da ta ƙera. Da zarar an ɗaure dafin, hanta da kanta take cike giɓin. Zubar jini daga dasashi yakan tsaya cikin minti 15 zuwa 30 bayan magani mai kyau, amma daskarewar jini a kwalba tana ɗaukar awa 3 zuwa 9 kafin ta dawo, shi ya sa ake maimaita gwajin bayan awa 6. Idan har lokacin jini bai daskare ba, sai a sake ba da adadin farko cikakke. Ba a jiran awa 6 idan yaro yana ci gaba da zubar da jini sosai ko hawan jininsa yana faɗuwa. A nan ana maimaita magani bayan awa ɗaya ko biyu.

Wannan ba ya nufin ƙarin jini ba shi da gurbi. Yaranmu da yawa suna zuwa da ƙarancin jini tun asali, saboda zazzaɓin cizon sauro ko rashin abinci mai gina jiki ko sikila, kuma ɗan jinin da babba zai rasa ya miƙe yana iya kai yaro ga suma. Irin wannan yaro yana bukatar jini don maye abin da ya zuba, amma tare da maganin dafi ko bayansa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Likita ya gama magana a kan magani, ni zan tsaya a kan kwalbar, domin a nan ne nake ganin ana yawan samun tangarɗa a ƙananan cibiyoyi. Gwajin minti 20 ba ya bukatar wutar lantarki ko na'ura, amma yana da sharuɗɗan da idan aka saɓa ɗaya daga cikinsu sakamakon ya zama ƙarya.

Dole kwalbar ta kasance ta gilashi, sabuwa, busasshiya, mai tsabta. Gilashi ne ke tayar da matakin farko na daskarewa idan jini ya taɓa shi, roba ba ta yin haka yadda ya kamata. Wanda ya bar jini a cikin sirinji ko kwalbar roba yana iya ganin jinin lafiyayyen mutum bai daskare ba a minti 20, a je a ɓarnatar da magani mai tsada a kan yaron da ba ya bukata, a kuma jefa shi cikin haɗarin borin jini a banza. Haka nan kwalbar da aka wanke da omo ko sabulu. Ana ɗebar kimanin mililita 2 daga jijiya, a zuba, a ajiye a inda ba za a taɓa ba, a duba agogo. Girgiza kwalba kowane minti biyar don a ga ko ya fara kamawa yana lalata gwajin. Bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya a hankali. Idan ana shakkar kwalbar, sai a ɗebi jinin wani lafiyayye, ko ma'aikaci ko ɗan'uwan yaron, a zuba a irinta a ajiye su tare.

Abu na biyu shi ne, gwaji ɗaya mai kyau ba ya wanke yaro. Idan an kawo shi minti talatin bayan saran, jininsa yana iya daskarewa sarai domin dafin bai gama cinye fibirinojin ba tukuna. A riƙe shi aƙalla awa 24, a maimaita gwajin a cikin awoyin farko sannan duk bayan awa 6. Kuma a yaran da jijiyarsu ke da wuyar samu, ina roƙon a guji jijiyar wuya da ta matsematsi da duk inda ba za a iya dannewa da kyau ba. A nemi bayan hannu ko gwiwar hannu, a danne wurin da auduga na tsawon lokaci, domin ramin allura ɗaya yana iya yini yana tsiyaya.

Tsohuwar Nas ta amsa:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru a ɗakin da ake kwantar da waɗanda maciji ya sara kafin in yi ritaya, kuma amsar tambayarki ta ƙarshe mafi yawanta hani ne.

Kada ki yi wa yaron allura a tsoka, kowace iri ce, muddin jininsa bai dawo daskarewa ba, saboda jini zai taru a cikin cinya ko ɗuwawu ya yi ƙullutu babba. A ƙauyuka da yawa za ki ji dattawa suna cewa ba a haɗa saran maciji da allura, har su ƙi kawo yaro asibiti saboda haka. Ni ban cika yi musu gardama kai tsaye ba; nakan ce musu allurar tsoka ce ba a yi, maganin dafi kuwa ta jijiya yake shiga kamar ƙarin ruwa, kuma sau da yawa wannan bayanin yana kwantar musu da hankali. Rigakafin sarƙewar haƙora ma a jinkirta shi sai jini ya daidaita. Don ciwo ki ba da farasitamol gwargwadon nauyinsa. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak duk suna ƙara zubar jini kuma suna wahalar da ƙoda, ga shi su ne ake saya a kemis a ba yaro kafin a iso wurinki, don haka ki tambaya.

Ki duba jikinsa gaba ɗaya, ba wurin saran kaɗai ba. Ki buɗe bakinsa ki haska dasashi, ki duba ƙasan fatar ido ko ya yi fari, ki ga launin fitsarinsa. Ki tambaya ko an kai shi wurin wanzami ko mai maganin gargajiya, domin tsagar da ake yi a kan saran don a fitar da dafi ko a ɗora baƙin dutse ba ta fitar da komai, sai dai ta buɗe ƙofar da jini zai bi, kuma na ga yaran da tsagar ce ta zubar musu da jini fiye da saran. Idan an ɗaure ƙafar tamau da igiya ko roba, wannan ɗaurin yana kashe nama ba tare da ya tsare dafi ba. A cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse idan kumburi ya hau, a sa wa ƙafar katako kamar ta mai karaya, a ɗauki yaron, kada a bar shi ya taka. A rubuta lokacin saran da lokacin gwaji da sakamakonsa a takarda a ba iyayen.

Sai dai ina da saɓani kaɗan da yadda ake tura kowa babban asibiti. A ganina, inda tafiya ta kai awa uku ko huɗu a kan babur ta hanyar da ruwa ya cinye, gara a horar da ma'aikatan ƙananan cibiyoyi a ajiye musu maganin su fara bayarwa. Likita, ko me ka gani?

Likitan Yara ya sake amsawa:

Mama, ina tare da ke a kan manufa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017 sannan ta fitar da shiri a 2019 na rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030, tana son a kusanto da magani ga manoma da makiyaya. Sharaɗina ɗaya ne: duk inda za a rataya maganin dafi, to a sami adiranalin, allurar ceto idan jiki ya yi wa magani mummunan bore, a zuƙe cikin sirinji a gefen gado kafin a buɗe ruwan, da ma'aikacin da zai zauna kusa da yaron bai matsa ba a awa ta farko. Tunda maganin daga jinin dabba aka samo shi, jiki yakan yi masa bore, daga ƙaiƙayi da borin jini da amai da tari har zuwa toshewar numfashi da faɗuwar hawan jini. Ƙaramin yaro ba zai ce miki maƙogwaronsa yana shaƙewa ba, sai dai ki ga ya rikice da kuka ko ya yi lakwas. Idan haka ta faru sai a tsayar da ruwan, a yi allurar adiranalin a gefen cinya, miligiram 0.01 a kowane kilo, kada ya wuce 0.5. Wannan ita ce allurar tsoka guda da aka yarda da ita ko da jini bai daskare ba, saboda rai ake ceto, sai a danne wurin sosai. Idan yaron ya daidaita a ci gaba da maganin a hankali, tunda dafin yana nan. Gwajin da wasu ke yi na ɗiga magani a ƙarƙashin fata kafin a fara ba ya nuna wanda jikinsa zai yi bore, ɓata lokaci ne kawai.

Akwai kuma batun wane magani ne a cikin kwalbar, wanda a ganina ya fi batun wurin bayarwa haɗari. Ba kowane abin da aka rubuta wa maganin maciji ne ke aiki a kan kububuwarmu ba. Wanda aka yi don dafin macizan Indiya ba ya ɗaure dafin ta Afirka ta Yamma yadda ake bukata, ko da sunan macijin ya yi kama. An ga haka a wani asibitin karkara a tsakiyar Ghana a 2004, inda mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kusan kashi 12 bayan an sauya magani mai aiki da wanda bai dace ba. Waɗanda aka gwada a ƙasarmu su ne EchiTAb-G, wanda ake yi a Birtaniya daga jinin tumaki don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus-ICP na ƙasar Kosta Rika daga jinin dawaki, wanda ya haɗa da kasa da gamsheƙa. A gwajin da aka yi wa mutum 400 a Kaltungo, wanda aka wallafa a 2010, kwalba uku ta EchiTAb-Plus ta dawo da daskarewar jini cikin awa 6 a kashi 83 cikin 100, kwalba ɗaya ta EchiTAb-G kuma a kusan kashi 76, sai dai EchiTAb-Plus ya fi jawo borin jiki. Wannan ya nuna cewa ko da magani mai kyau, kusan mutum ɗaya cikin huɗu zuwa shida zai bukaci zagaye na biyu, don haka cibiyar da ke da kwalba ɗaya tak ta fara bayarwa, amma ta tura yaron gaba duk da haka. Kaltungo a Gombe da Zamko a yankin Langtang na jihar Filato sun daɗe da ƙwarewa a wannan aiki.

Jami'ar Lafiyar Karkara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Likita, Mama da Malam, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Iyaye sukan matsa a sallame su da zarar an ce jini ya daskare, musamman lokacin girbi da aiki ke jiransu a gona, kuma idan sun dawo gida wurinmu suke zuwa wankin ciwo. Kwana nawa ya kamata a riƙe yaro, kuma waɗanne alamu ne za su sa in mayar da shi asibiti ba tare da jinkiri ba? Sannan idan ƙafa ta kumbura ta yi tauri sosai, shin ana tsaga ta don a sassauta?

Likitan Yara ya amsa:

Daskarewar farko ba ita ce sallama ba, Malama. Wurin saran yana riƙe da sauran dafi wanda ke ci gaba da tsiyaya cikin jini a hankali, kuma yana yiwuwa maganin ya ragu a jiki kafin dafin ya ƙare, sai jinin da ya daskare jiya ya koma ruwa yau. Shi ya sa muke ci gaba da gwajin duk bayan awa 6 a rana ta farko, sannan aƙalla sau ɗaya a rana, kuma ni ba na sallamar yaro sai jininsa ya yi kwana biyu yana daskarewa a jere, fitsarinsa ya wadata kuma ya washe, an kuma auna yawan jininsa an ga ba ya sauka.

Bayan ya dawo gida, ciwon kai mai tsanani, ko amai da ba ya tsayawa, ko yawan barci da rikicewa, ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, ko raunin gefe ɗaya na jiki, duk ki ɗauke su a matsayin zubar jini a ƙwaƙwalwa har sai an tabbatar ba shi ba ne, kada a tsaya ana maganin zazzaɓi ko sanƙarau a gida. Haka ciwon ciki tare da kumburinsa da farin ido, da baƙin bayan gida, da raguwar fitsari. Ki maimaita gwajin kwalba nan take ki tura shi da sakamakon. Daban da waɗannan, tsakanin kwana 5 zuwa mako biyu bayan magani wasu yaran sukan yi zazzaɓi da ƙuraje masu ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi. Wannan martanin jiki ne ga furotin ɗin dabba, yana jin maganin ƙaiƙayi ko ɗan gajeren zagaye na firedinisolon, kuma ba dawowar dafi ba ne.

Game da tsaga ƙafa, kumburin saran kububuwa yana da ban tsoro a ido, amma mafi yawansa a ƙarƙashin fata yake, kuma yana sauka da kansa bayan an ba da isasshen magani. Ba a kusantar ƙafar da wuƙa muddin jini bai dawo daskarewa ba, domin yaro yana iya zubar da jininsa duka a kan teburin tiyata. Ko bayan ya daidaita, likitan fiɗa ne zai yanke hukunci bayan ya tabbatar cewa matsin da ke cikin tsoka ya hana jini zagayawa. Bororon da ya taso a bar shi kada a fasa, mataccen nama kuwa a cire shi a asibiti idan iyakarsa ta fito. A wurinki, ki riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri na asibiti, ki ɗora masa maganin ƙarin jini na sha na wasu makonni idan an sallame shi da ƙarancin jini, ki tabbatar an yi masa rigakafin sarƙewar haƙoran da aka jinkirta, kuma ki sa mahaifiyarsa ta riƙa motsa masa yatsu da idon sawu kullum da zarar ciwo ya lafa, don kada gaɓar ta ƙage.